Kwamfutar da Ta Daina Ganin Faifan Ajiyarta: Nazarin Matsala Guda Daga Farkonta Har Gyaranta

## Yadda kwamfutar take kafin matsala

Kwamfutar da wannan nazari ya shafa ta kan tebur ce, a wani ƙaramin ofishi da ke ajiye takardun lissafi na abokan hulɗarsa, kuma ta kai shekara bakwai tana aiki kafin matsalar ta kunno kai. A cikinta akwai faifan ajiya guda biyu masu juyawa, irin masu girman inci 3.5 da ke zagayawa sau 7,200 a minti ɗaya. Na farko yana cin terabayit 1, a kansa Windows 10 take. Na biyu yana cin terabayit 2, shi ne ke ɗauke da dukan fayilolin aiki, kuma rabon da a kwafe abin da ke cikinsa zuwa wani wuri dabam ya haura wata huɗu. Kowannensu yana haɗe da madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, ta wayar SATA tasa, wato wayar da bayanai ke bi tsakanin faifai da madabod, amma waya ɗaya ce mai kai biyu ke kawo musu wuta daga akwatin wuta mai wat 450 da ke raba wa sassan kwamfutar lantarki, wanda ba a taɓa canzawa ba tun da aka haɗa na'urar.

Akwai wani saiti da babu wanda ya san da shi a ofishin. Wanda ya haɗa kwamfutar ya sa kafofin SATA su yi aiki a tsarin RAID, wanda ake haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya da shi, a cikin BIOS, wato manhajar madabod da ke tashi kafin Windows, ko da yake bai haɗa faifan biyu su zama rukuni ɗaya ba, kuma a kan wannan tsari aka ɗora Windows. Saitin asali da madabod ɗin ya zo da shi daga masana'anta kuwa AHCI ne, tsarin da kowane faifai ke aiki shi kaɗai.

Kafin faifai ya bayyana ga mai amfani da kwamfuta sai ya tsallake matakai da dama, ɗaya bayan ɗaya. Da farko sai ya sami wuta iri biyu: bolt 12 don ƙaramin injin da ke juya farantan da ke cikinsa, da bolt 5 don allon lantarkin da ke manne a bayansa. Bayan farantan sun kai cikakken gudunsu, faifan yana ƙulla sadarwa da madabod ta wayar SATA mai haƙora bakwai, BIOS ya tambaye shi sunansa da girmansa, ya jera shi a cikin na'urorin da ya gani. Daga nan Windows take karɓa, ta ɗora direba, wato ƙaramar manhajar da take magana da faifan ta hanyarta, wanda ya dace da tsarin da aka saita, ta karanta jadawalin ɓangarorin faifan, sannan ta ba kowane ɓangare harafi, kamar C ko D. Ko a wane mataki aka sami cikas, abin da mai amfani zai faɗa guda ne, wato kwamfuta ba ta ganin faifai.

## Mako na ɗaya da na biyu: alamomin farko

Ranar Litinin ta makon farko, da aka kunna kwamfutar da safe bayan ta yi kwana biyu a kashe, sai ta tsaya a baƙar fuska da saƙon cewa ba ta sami na'urar da za ta tashi daga kanta ba. Ma'aikaciyar da ke amfani da ita ta danna maɓallin sake tashi da ke gaban akwatin, kwamfutar ta tashi lafiya, ta yi aikin yini cur ba tare da wata tangarɗa ba. Hakan ya maimaitu sau biyu a wannan mako, sau huɗu a mako na biyu. Akwai kuma ranar da Windows ta tashi a karon farko amma faifai na biyu bai fito ba, sai da aka sake tayar da ita.

Abu biyu suka daidaita a dukan waɗannan ranaku. Matsalar ba ta taɓa faruwa da rana tsaka ba, kullum a kunnawar farko ta safe take zuwa, kuma kullum sake tayarwa ba tare da yanke wuta ba yana kawar da ita. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba a lokacin, daga baya ne aka tattaro shi daga bakin ma'aikaciyar. Mutanen ofishin sun saba da kunna kwamfutar sau biyu kowace safiya, aiki ya ci gaba.

## Mako na uku: canjin batir

Ranar Talata ta mako na uku sai da aka sake tayarwa har sau biyar kafin Windows ta fito. Wani ma'aikaci da ya ɗan san kan kwamfuta ya shiga BIOS a ɗaya daga cikin lokutan da ta ƙi tashi, ya ga dukan kafofin SATA shida suna nuna babu komai a kansu. Ya taɓa karanta cewa mutuwar ƙaramin batir da ke kan madabod tana sa kwamfuta ta rikice, kuma shekarun na'urar sun kai a yi wannan zato, don haka ya cire tsohon batirin CR2032 mai bolt 3 ya sa sabo. Bai auna tsohon ba, bai kuma duba ko agogon kwamfutar yana ɓacewa ba, wanda shi ne alamar da aka fi sanin mataccen batir da ita.

Cire batirin ya mayar da dukan saitin BIOS zuwa na masana'anta, kafofin SATA suka koma AHCI. Daga wannan rana alamar ta sauya kama. Wani lokaci BIOS ba ya ganin faifai ko ɗaya, kamar da. A lokutan da ya gan su kuwa, Windows tana fara tashi, tambarinta ya fito, sai fuskar ta koma shuɗiya da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ma'anar wannan saƙo ita ce Windows ta fara tashi daga faifan amma ta rasa hanyar ci gaba da karanta shi, kuma hakan na faruwa idan direban da ta tanada don tashi bai dace da tsarin da aka saita kafofin a kansa ba. Ma'aikacin ya gwada gyaran da Windows ke yi wa kanta sau biyu, bai yi nasara ba. Ofishin ya yanke cewa faifai na farko ya fara mutuwa ya kuma lalata Windows, aka dakatar da amfani da kwamfutar.

## Mako na huɗu: sababbin wayoyi da sabon faifai

An kira mai gyara na farko. Ya canza wayoyin SATA guda biyu da sababbi, ya hure ƙurar da ke cikin akwatin, ya kuma sauya wa faifan kafofi: na farko ya koma kafa ta uku, na biyu kafa ta ɗaya. A gwajin da ya yi nan take BIOS ya ga faifan biyu sau uku a jere, amma shuɗiyar fuskar tana nan. Washegari da safe BIOS bai ga ko ɗaya ba.

Bisa shawararsa aka sayo sabon faifai mai terabayit 8, na ajin da ake ƙerawa don cibiyoyin ajiye bayanai, da nufin a ɗora sabuwar Windows a kansa a kuma kwashe fayilolin aiki zuwa can. Da aka haɗa shi bai motsa ba sam. Babu ƙarar juyawa, babu rawar jikin da ake ji idan an ɗora hannu a kan faifai mai aiki, kuma BIOS bai gan shi a kowace kafa ba, da safe ko da rana. Mai gyaran ya gwada shi a kawunan wuta uku dabam-dabam na akwatin wutar, sakamakon bai canza ba. Tun da sabon faifai fil ya ƙi fitowa, sai ya karkata ga cewa sashen madabod da ke kula da kafofin SATA ne ya lalace.

## Mako na biyar: faifan SSD a kafar M.2

Domin kauce wa kafofin da ake zargi, mai gyaran ya kawo faifan SSD, wato faifan da ba shi da farantai masu juyawa, mai gigabayit 500, irin siririn nan da ake sakawa kai tsaye a kafar M.2 ta madabod ba tare da waya ba. Ya cire sauran faifan, ya ɗora sabuwar Windows 10 a kan SSD ɗin, kwamfutar ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma ta ci gaba da tashi a karon farko kowace safiya. Ofishin ya koma aiki a kanta.

Sauran fayiloli. Da aka mayar da tsofaffin faifan biyu, na farko ya ci gaba da halinsa, yau ya fito gobe ya ɓace. Na biyu kuwa, mai ɗauke da takardun ofishin, ya daina fitowa baki ɗaya, ko da an sake tayarwa sau nawa, alhali ana jin yana juyawa. Wannan sabon abu ne, domin kafin wannan mako bai taɓa ɓacewa na dindindin ba.

Wata safiya da aka buɗe Disk Management, manhajar Windows da ke nuna faifai da ɓangarorinsu, faifai na farko ya bayyana a matsayin wanda ba a san shi ba, kuma wani akwati ya fito yana neman izinin a shirya shi kamar sabo. Ma'aikaciyar ta rufe akwatin ba ta amince ba. Da ta amince, da Windows ta yi ƙoƙarin rubuta sabon jadawalin ɓangarori a kan wanda ke wurin. Mai gyaran ya ba da shawarar a sayi sabon madabod, a kuma aika faifai na biyu wurin masu ceto bayanai daga faifan da ya mutu. Shugaban ofishin ya nemi a ji ta bakin wani kafin a kashe wannan kuɗi.

## Mako na shida, rana ta ɗaya: fitar da faifan daga kwamfutar

Mai gyara na biyu bai kunna kwamfutar ba a sa'ar farko. Ya zauna da ma'aikaciyar da ma'aikacin da ya canza batir, ya rubuta duk abin da aka taɓa a jikin na'urar bi da bi, da alamar da ta biyo bayan kowane canji. A nan ne batun kunnawar safe ya fito fili, a nan kuma aka ga cewa shuɗiyar fuska ta fara ne ranar da aka canza batir, ɓacewar faifai na biyu ta dindindin kuma ranar da aka saka SSD.

Bayan haka ya ciro faifan uku masu juyawa ya gwada su ɗaya ɗaya a wata kwamfuta, ta hanyar akwatin gwaji da ke haɗuwa ta USB, mai adaftar wutarsa ta bolt 12. Dukansu uku sun juya, dukansu sun bayyana, har da sabon mai terabayit 8 da ya ƙi motsi a kwamfutar ofishin. Kafin ya yi wani gwaji sai ya kwafe duk abin da ke kan faifai na biyu zuwa wani faifai na waje, aikin da ya ci kusan sa'a biyar, kuma ba a sami fayil ko ɗaya da ya ƙi karantuwa ba.

Sannan ya karanta bayanan SMART, wato lissafin lafiyar da kowane faifai ke ajiyewa a kansa. Ma'auni na 5, da ke ƙidaya gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, sifili ne a tsofaffin faifan biyu. Ma'auni na 197, na gurabun da ake shakkarsu, shi ma sifili ne. Ma'auni na 199 yana ƙidaya kurakuran da ake samu yayin da bayanai ke wucewa ta wayar SATA, shi ne ke hawa idan waya ta lalace ko ba ta zauna daidai ba, kuma a nan bai wuce 2 ba a faifai na farko, a na biyu kuwa sifili ne. Wanda ya fita daban shi ne ma'auni na 10, da ke ƙidaya lokutan da injin faifai ya yi yunƙurin kaiwa cikakken gudu ya kasa ya sake gwadawa: 31 a faifai na farko, 24 a na biyu. Wannan ma'auni yana iya nuna injin da ya gaji, yana kuma iya nuna ƙarancin wuta. Faifan biyu ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, kuma a akwatin gwajin kowannensu ya tashi a karon farko sau goma a jere ba tare da lambar ta ƙaru ba.

## Rana ta biyu: littafin madabod da awon wuta

Littafin bayanin madabod ɗin ya warware batun faifai na biyu a layi ɗaya na ƙananan haruffa: idan aka saka SSD irin na SATA a kafar M.2, kafar SATA ta ɗaya tana daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa, kuma SSD ɗin da aka saka irin wannan ne. Wannan tsari ne da ake samu a madabod da yawa, sai dai lambar kafar da ke rufewa takan bambanta daga wani zuwa wani. Faifai na biyu yana kan kafa ta ɗaya tun ranar da mai gyara na farko ya sauya kafofi. Da aka mayar da shi kafa ta huɗu sai ya fito nan take.

Saura asalin matsalar, wadda ba ta zuwa sai da safe. An bar kwamfutar a kashe, an zare ta daga bango, har washegari. Shafin BIOS da ke nuna ƙarfin wuta ya riga ya nuna bolt 11.9 a layin 12 da bolt 5.0 a layin 5, dukansu cikin ƙa'ida, domin ƙa'idar ATX, wadda akwatunan wutar kwamfutar tebur ke bi, ta yarda da sauyin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 11.4 zuwa 12.6 a layin 12, daga 4.75 zuwa 5.25 a layin 5. Amma kafin mutum ya kai ga wannan shafi daƙiƙu da dama sun wuce, kuma nauyi mafi girma da faifai ke ɗora wa akwatin wuta yana cikin daƙiƙun farko ne. Faifai mai inci 3.5 yana iya jan kusan amfiya 2, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja, daga layin 12 yayin da yake tayar da farantansa daga tsaye, sannan jan ya sauka ƙasa da amfiya 1 da zarar sun kai gudunsu. A daidai wannan lokaci ne kuma fankoki ke tashi, masarrafar kwamfutar, wato ƙwaƙwalwarta, ita ma tana jan tata wutar daga wannan layi.

Don haka mai gyaran ya haɗa mitar awon wuta a wani kan wuta mai rami huɗu da ba a amfani da shi, tsinke ɗaya a rawayar waya mai bolt 12, ɗaya a baƙa, ya saita mitar ta riƙe lamba mafi ƙanƙanta da ta gani, sannan ya kunna. Da tsofaffin faifan biyu a haɗe, layin ya faɗi zuwa bolt 10.7, aka ji faifan suna fara juyawa su tsaya su sake farawa, kuma BIOS ya gama ƙidayarsa bai ga ko ɗaya ba. Da aka danna maɓallin sake tashi, wanda ba ya yanke wa faifai wuta, farantan sun riga sun kai gudunsu, mitar ta tsaya a 11.8, faifan biyu suka fito. Bayan kwamfutar ta yi rabin sa'a tana aiki aka kashe ta aka sake kunnawa, faɗuwar ta tsaya a 11.3 kuma faifan sun tashi.

Bambancin da ke tsakanin sanyi da ɗumi ya dace da abin da aka sani game da kafasita masu ruwan sinadari a ciki, waɗanda ke daidaita wutar da akwatin ke fitarwa. Idan suka tsufa ruwan yana bushewa, turjiyar da ke cikinsu tana ƙaruwa, kuma wannan turjiya ta fi yawa idan suna da sanyi, tana raguwa idan suka ɗumama. Da aka haska fitila ta ragar fanka an hango kafasita biyu da kansu ya kumbura. Mai gyaran bai buɗe akwatin ba, domin manyan kafasitan da ke ɓangaren shigar wuta suna iya riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare waya.

Mita tana da iyakarta, ba ta iya nuna faɗuwar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba, kuma ba ta nuna rawar da ke kan layin, wadda ƙa'idar ATX ta iyakance ga milibolt 120 a layin 12. Saboda haka bai tsaya ga awon kaɗai ba. Ya haɗa wani akwatin wuta da ya tabbatar da lafiyarsa, aka sake barin kwamfutar ta kwana. Da safe mitar ba ta sauka ƙasa da 11.9 ba, faifan biyu suka fito a karon farko.

## Rana ta huɗu: sabon akwatin wuta da haƙori na uku

An sayo sabon akwatin wuta mai wat 550, irin wanda ake cire wayoyinsa a mayar. Mai gyaran ya yi amfani da wayoyin da suka zo tare da shi kawai, domin tsarin haƙoran da ke ɓangaren akwatin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma wayar wani akwati tana iya kai bolt 12 inda ake jiran bolt 5 ta ƙone faifai. Ya kuma raba tsofaffin faifan a kan wayoyi biyu dabam.

Sabon faifai mai terabayit 8 ya ci gaba da yin shiru, ko da wannan sabon akwati. Takardar bayaninsa ta nuna yana bin wani tsari da ya shigo cikin ƙa'idar SATA ta 3.3, wadda aka fitar a 2016. Kan wutar SATA yana da haƙora 15, kuma a tsohon tsari ukun farko duk na bolt 3.3 ne, ana kawo musu wuta ta waya mai ruwan lemo. Sabon tsarin ya mayar da haƙori na uku ya zama umarnin kashewa, don masu kula da cibiyoyin bayanai su iya kashe faifai su kunna daga nesa ba tare da zare shi ba. Idan akwatin wuta ya kawo bolt 3.3 ga wannan haƙori, kamar yadda akwatunan kwamfutar tebur da yawa ke yi, faifan yana ɗaukarsa a matsayin umarni na dindindin cewa ya zauna a kashe. Akwatin gwaji na USB ba ya ba da bolt 3.3, shi ya sa faifan ya tashi a can.

Hanya biyu aka duba. Ɗaya ita ce a sa mahaɗin da ke ɗauko wuta daga kan wuta mai rami huɗu, wanda bolt 5 da 12 kawai yake da su. Mai gyaran ya ƙi wannan saboda an sha samun irin waɗannan mahaɗai marasa inganci suna narkewa. Sai ya yanko ɗan siririn tef mai jure zafi ya rufe haƙori na uku a jikin faifan, ya mayar da kan wutar a hankali. Faifan ya juya, BIOS ya gan shi da cikakken girmansa.

Bai fito a jerin faifan Windows ba sai da aka shirya shi a Disk Management, kuma a wannan karo amincewa ita ce daidai tun da babu komai a kansa. An zaɓi tsarin jadawalin ɓangarori da ake kira GPT, domin tsohon tsarin MBR yana ƙidaya gurabu da lamba mai bit 32, kuma idan kowane gurbi bayit 512 ne, ba zai iya kaiwa fiye da kusan terabayit 2.2 ba.

Gwaji na ƙarshe ya shafi tsohuwar Windows da aka ce ta lalace. An cire SSD, an mayar da saitin kafofin zuwa RAID, aka tayar da kwamfutar daga faifai na farko. Windows ta tashi har ƙarshe, da manhajojinta da komai. Bayan an kwashe abin da ake bukata daga cikinta aka mayar da saitin AHCI, aka mayar da SSD, domin a kan wannan tsari aka ɗora sabuwar.

## Bayan wata uku

A tsawon wata uku da suka biyo baya kwamfutar ta tashi a karon farko kowace safiya, kuma faifan huɗu suna bayyana. Ma'auni na 10 yana nan a 31 da 24. Fayilolin aiki sun koma kan faifai mai terabayit 8, ana kwafe su kowane dare zuwa mai terabayit 2, kowane mako kuma zuwa faifan waje. Ba a canza madabod ba, ba a kuma kai faifai wurin masu ceto bayanai ba.

## Hukunci a kan abin da aka yi

Lalacewa guda ce tak a jikin na'urar, ita ce tsufan akwatin wuta. Sauran alamomi uku, shuɗiyar fuska da shirun sabon faifai da ɓacewar faifai na biyu, duk gyara ne ya haifar da su, kuma kowace ta ƙarfafa zaton da bai dace ba. Mako biyar an bar jaki ana dukan taiki, kuma babu wani mataki a cikinsu da za a kira na rashin hankali idan aka dube shi shi kaɗai. Batir mai shekara bakwai abin zargi ne, wayar SATA ita ce abu mafi sauƙin canzawa, kuma kauce wa kafofin da ake shakka da SSD dabara ce da takan yi aiki. Aibin yana wajen yin kowane canji ba tare da an auna abin da ake zargi ba, da kuma ɗora sabon canji a kan wanda ba a gama fahimtar sakamakonsa ba. Da aka auna tsohon batirin daga baya, wanda aka samu a aljihun tebur, ya nuna bolt 2.9.

Nasarar SSD ita ce ta fi ɓatar da hankali. Faifan M.2 ba shi da injin juyawa, kuma bolt 3.3 yake sha daga madabod, don haka raunin layin 12 bai taɓa shi ba. Tashinsa lafiya ya sa aka ɗauka wuta ba ta da laifi, alhali bai gwada layin da ke da matsalar ba ko kaɗan. Haka lambar 11.9 da BIOS ya nuna: gaskiya ce, amma an karanta ta bayan lokacin da faɗuwar ke aukuwa ya wuce.

Shaida mafi ƙarfi tana nan tun makon farko. Faifai biyu na kamfanoni dabam, a kan wayoyin bayanai dabam, suna ɓacewa tare, a kunnawar sanyi kawai, suna dawowa idan an sake tayarwa ba tare da yanke wuta ba. Abin da suka yi tarayya a kansa madabod ne da wayar wuta, kuma a cikin biyun wuta ce kaɗai ke da nauyi na musamman a daƙiƙun farko. Ganin kafofin babu komai a BIOS a mako na uku ya isa ya wanke Windows daga asalin laifin, domin a wannan mataki ba a kai ga ɗora ta ba.

Mafi haɗarin lokaci a duk tsawon lamarin shi ne makonnin da faifai na biyu ya yi yana tashi yana tsayawa a kan wuta mai rauni ba tare da kwafi na kusa ba, sai kuma safiyar da akwatin neman izini ya fito a Disk Management. Kwafe fayiloli ta akwatin USB aikin yini ɗaya ne, kuma ana iya yinsa tun ranar da aka fara kunna kwamfutar sau biyu.

Gyaran haƙori na uku yana da rauni guda: tef ɗin zai iya zamewa duk lokacin da aka zare kan wutar aka mayar, faifan ya sake yin shiru kamar ya mutu. Haka kuma lambobin 31 da 24 ba sa komawa sifili, wanda ya karanta su nan gaba ba tare da sanin tarihinsu ba zai iya yanke wa faifan hukuncin mutuwa. Saboda haka aka manna takarda a cikin murfin akwatin, ɗauke da waɗannan lambobi, da saitin AHCI, da gargaɗin cewa kafa ta ɗaya a rufe take muddin SSD yana kan M.2, da bayanin tef ɗin da ke kan faifai mai terabayit 8.